A fitar da yaranmu daga aji su san itatuwa da tsuntsayen garinsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana a kan wani abu da yake ci min tuwo a ƙwarya game da karatun yaranmu, musamman mu nan Kano.

Yanzu duk inda ka juya maganar kare muhalli ake da ci gaba mai ɗorewa, a rediyo, a taron otal, har cikin littattafan makaranta an saka. Tun 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da muradai 17 da ake son cimmawa zuwa 2030, a ciki har da kare halittun tudu da na ruwa, kuma duk 22 ga Mayu ana bikin ranar halittu iri-iri ta duniya. To madalla. Amma ni dai abin da nake gani a aji shi ne malami ya rubuta bayani a allo da Turanci, yara su kwafa su haddace, ranar jarrabawa su juye a takarda, shi ke nan an wuce wajen. Yaron da ya zo na ɗaya ɗin nan in ka tsayar da shi a gindin kanya ko ɗinya ka ce wannan wace bishiya ce, wallahi sai dai ya yi ta sosa ƙeya.

Kuma ba laifinsu ba ne fa, a ina za su gani? Ga unguwanninmu nan, Kurna, Giginyu, Durumin Iya, Tsamiyar Boka, amma akwai yaron da aka haifa a Giginyu har ya gama sakandare bai taɓa ganin giginya a tsaye ba, ya dai san muruci in an kawo talla. Filaye duk an yanka, kududdufai an cike an dasa shaguna, wanda ya sayi fuloti abu na farko da zai yi shi ne ya kira mai gatari, daga nan ya shafe tsakar gidan da siminti ko intalok, in zafin Afrilu ya zo kuma ya fi kowa ƙorafi.

Ku ɗauki ungulu kawai. Mu da muka ɗan kwana biyu mun taso muna ganinta jere a kan rufin kwata da wajen mahauta, har ba a kula ta saboda yawa. Yau a tambayi ɗan shekara goma sha biyar yaushe rabonsa da ganin ungulu a cikin birni, zai ce shi a karin magana ya san ta, wai ba ta jewar banza. Irin wannan ungulun tamu tun 2015 aka saka ta cikin jerin halittun da suke gab da ƙarewa a duniya, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne: guba da ake sakawa a mushe, da masu kama ta suna sayar da kanta da sassanta ga masu tsibbu. Wani zai ce to sai me, tsuntsuwar ƙazanta ce. Ai ƙazantar ce aikinta malam! Ita ke kwashe mushe kafin ya ruɓe ya zama cuta. A Indiya a shekarun 1990 wani maganin ciwo da ake ba wa shanu ya kashe musu sama da kashi 90 cikin ɗari na ungulayensu, mushe ya taru, karnuka suka ƙaru, ciwon haukan kare ya ƙaru. In malami ya ba yaro wannan labarin ba zai manta ba har ya tsufa, kuma in ya ɗauki danƙo zai harbi tsuntsu zai ɗan tsaya ya yi tunani.

Abin da nake so masu tsara karatu su gane shi ne a wajenmu maganar nan maganar tukunya ce da sana'a. Miyar kuka daga ina? Daddawa daga kalwar ɗorawa take, kuma duk matar da take zuwa cefane ta san yanda ta yi tsada. Majema da bagaruwa suke jima, fatar Kano da ta yi suna har ƙetaren Sahara da ita aka gyara ta. Marinar Ƙofar Mata da ake kai baƙi suna ɗaukar hoto, ba don ganyen baba da ake rini da shi ba da ramuka ne kawai. Man kaɗanya, kunun tsamiya, goruba da yara suke gwagwiya, kabar da ake saƙa tabarma, sabara da kalgo da iyayenmu mata suka san amfaninsu wajen jego da magani, duk daga daji suke. Ga gawo, shi kam abin mamaki ne, da damina da kowace bishiya take kore shi lokacin yake kaɗe ganyensa, sai ya bar wa gero rana ya kuma ba shi taki, da rani kuma ya yi ganye da 'ya'ya dabbobi su samu abinci. Tsohon manomi ya san wannan tun kafin a zo da boko, jikansa mai karanta aikin gona a makaranta bai sani ba.

Sannan ga wani abu da yake ba ni haushi. Duk shekara in an tashi gangamin dashen bishiya sai ka ga darbejiya da turare, darbejiya da turare, an jera an ɗau hoto an watse. Ban raina darbejiya ba, tana jure fari tana ba da inuwa, amma daga Indiya aka kawo ta, turare kuma daga Ostireliya, kuma gari ba ya zama da bishiya kala biyu. Ina laifin kowace makaranta ta dasa kuka ɗaya, tsamiya ɗaya, kurna, aduwa, magarya, a rubuta sunan kowacce da Hausa a jikin kwano a kafa, a damƙa wa kowane aji tasa, su yi mata shinge saboda awaki su dinga ba ta ruwan alwala? Maƙwabtanmu na Maraɗi ma ba dashe ne ya fi cetonsu ba, tun shekarun 1980 suka koma barin tohon da yake fitowa daga kututture a gona suna gyara shi maimakon sassabewa, kuma ta haka miliyoyin hekta suka sake yin itatuwa a Nijar. Nan kusa da mu ne, harshenmu ɗaya, amma ɗalibanmu sun fi jin labarin dajin Amazon.

Malaman Islamiyya da na allo ku ma da ku nake, don yaro ya fi jin maganarku. Kuna koyar da surorin da aka sa musu sunan saniya da ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo da giwa, kun kuma san hadisin da ya nuna duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce a gare shi. Minti biyar a kan wannan ranar Laraba kafin a tashi ba zai rage komai ba.

Wuraren kai yara kuma ba mu rasa ba. Ga gidan zu da aka gina tun zamanin Audu Bako, amma a daina kai su don cin shinkafa da hawa lilo kawai, a ba kowa takarda ya rubuta dabba uku da abin da suke ci da inda suke rayuwa. Ga Falgore a kudancin jiha in tsaro ya ba da hali. Ga fadamun Haɗejiya zuwa Nguru inda tsuntsaye suke zuwa tun daga Turai lokacin sanyi, manyan ɗalibai su je su ga yanda ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, su ji daga bakin masunta. In ba kuɗin mota, a taka da su bakin Jakara su ga kalar ruwan da ledojin da ke ciki, a tambaye su ina yake zuwa kuma wa yake noman lambu da shi a gaba. Aikin gida ma ana iya cewa kowa ya je wajen kakarsa ya kawo sunayen irin dawa da gero da wake da ta sani, ƙaura, farfara, maiwa, da waɗanda aka daina gani a kasuwa.

Ku ma jarida ina roƙonku, ku ware ɗan gefe duk mako ku sa hoton bishiya ɗaya ko tsuntsu ɗaya na ƙasar nan da sunansa da amfaninsa da Hausa, mu malamai za mu yanka mu liƙa a bangon aji. In za ku fara, dan Allah ku fara da ungulu.

Na gode.

Naku,
Wani malamin firamare, daga Gwale, Kano