A buɗe littafin baiko, a dawo da addu'ar Laraba

Ƙanena,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya jikin Mama? Yaya maiɗakinka da yara? Ni lafiya lau nake. Aikin dare ne dai har yanzu, sanyi kuma ya shigo, amma jiki ya saba. Ka ce wa Mama tarin da ta ji a waya ya tafi, kada ta sa shi a rai.

Na turo kuɗin jiya. Kafin ka taɓa shi ka raba shi kashi 10. Kashi 1 zakka ce, a sa a ambulan a kai ranar Lahadi. Kashi 4 na maganin Mama da ganin likita, kashi 2 na makarantar Auta. Kashi 3 da suka rage su ne dalilin wasiƙar nan. Ka ajiye su daban, kada su kwana aljihu ɗaya da sauran.

Labari ya iso ni, kuma ba daga bakinka ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. An ce da dattawa suka zauna lissafi, abin da ke akwatin ikkilisiya bai kai abin da ke littafi ba. An ce Gwaggo ta yi magana a zumuntar mata, Mama ta mayar mata, tun ranar ko gaisuwa babu. An ce addu'ar Laraba da ake yi a gidanmu tun Baba na da rai ta tsaya, mako shida ke nan.

Ban ce ka ci kuɗin Allah ba, ba kuwa zan ce ba. Na san gidan da ka fito, su ma da suka zaɓe ka ma'aji sun sani. Amma irin wannan giɓi ba sai da ɓarawo yake samuwa ba. Ana tashi sujada kowa na sauri, ma'aji ya zuba baiko a jaka ya tafi da shi gida, wai sai da yamma ya ƙirga. Ranar Talata wani ya zo ɗansa ba lafiya, a ranta masa daga ciki, a ji nauyin rubuta sunansa. Ranar Juma'a a biya mai gyaran lasifika ba rasit. Haka sau uku sau huɗu, ranar lissafi sai ka ga mai gaskiya ya tsaya yana kame-kame.

To daga Lahadin nan, mutum biyu ne za su riƙa ƙirga baiko, ba 'yan gida ɗaya ba, kuma a cikin majami'a kafin a kulle ƙofa. Baikon sujada, zakka, na godiya da na gini, kowanne da layinsa a littafi. A rubuta da biro, da kwanan wata, adadin a lamba sannan a kalmomi, su biyun su sa hannu. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai a rubuta daidai a gefe. Ba a gogewa, ba a yage shafi, shi ya sa littafi mai ɗinki da lambar shafi ya fi. Ranar Litinin kuɗin ya shiga banki, a manna takardar shaida a shafin makon. Kada a cire komai daga asusun sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu. Rance daga akwati babu, ko ni ce na roƙa. Mai bukata a kai maganarsa gaban dattawa, in sun amince a ba shi daga kuɗin taimako, a rubuta. Ƙarshen kowane wata ka miƙe gaban jama'a ka karanta abin da ya shigo, abin da ya fita, da saura. Minti 5 ya ishe ka.

Kada ka ga kamar an raina ka. Manzo Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar ikkilisiyoyi shi kaɗai ba, sai da ɗan'uwan da su suka zaɓa, don kada wani ya sami abin faɗa. Ka duba 2 Korintiyawa 8:18-21. A zamanin sarki Yowash ma, akwatin da aka huda murfinsa aka ajiye kusa da bagade, magatakardan sarki da babban firist ne suke zuwa tare su ƙirga abin da ke ciki. Yana 2 Sarakuna sura 12.

Kashi 3 ɗin nan ka kai su hannun dattawa, Fasto na zaune. Ka faɗi abin da ka tuna, ka faɗi wanda ka kasa tunawa, a rubuta cewa cikon giɓi ne, ba kyauta ba. Kada ka lallaɓa ka zuba a akwati a ɓoye. Lissafi zai daidaita, amma maganar ba za ta mutu ba. In bai isa ba ka gaya mini saura nawa, zan cika ƙarshen wata.

Yanzu ka karanta wa Mama wannan a hankali.

Mama, ku yi haƙuri da ni, ba ni ce zan koya muku Littafi Mai Tsarki ba, a bakinku na fara jinsa. Ayar nan da kuke so, Filibiyawa 4:4, wadda ke cewa mu yi farin ciki cikin Ubangiji kullum, ku sa a karanta muku ayoyi biyun da suka zo kafin ita. Mata biyu ne, Afodiya da Sintiki, waɗanda suka yi fama tare da Bulus a aikin bishara, suka saɓa. Yana ɗaure ya kira sunan kowacce, ya roƙe su su zama da nufi ɗaya, har ya sa wani ya taimake su. Sai da ya gama da wannan ya yi maganar farin ciki. Ni a ganina ba banza ya jera su haka ba. Waƙa ba ta daɗi a majami'ar da mutum ke zaɓen benci don kauce wa 'yar'uwarsa.

Na san Gwaggo ce ta fara, kuma ɗanku kuka kare. Duk da haka Matiyu 18:15-17 wanda aka yi wa laifin ya ce ya tashi ya je. Ku same ta ku biyu, lokacin da ba baƙi, ba jikoki. Maganar nan ɗaya za ku ɗauko, kada a tono na shekarun baya. Kada a aika yaro, kada a yi saƙon murya a zauren WhatsApp na dangi. In ta ƙi ji, ku koma da mutum ɗaya ko biyu da ku duka kuke ganin girmansu. Sai wannan ya gagara ake kai wa ikkilisiya. Ina roƙo a yi kafin Jibin Ubangiji mai zuwa.

Na san mai nesa bai da wahalar ba da umarni. Ku ne a cikin abin, ni takarda nake turowa. Shekara huɗu ban zauna kusa da ku a sujada ba, Mama, kuma ranar Laraba in na duba agogo na ga lokacin ya yi, nakan ji muryarku tana ta da waƙa. A nan ma muna taruwa, ba mu da yawa, amma ba ma fashi.

Ƙanena, addu'ar nan ta dawo Larabar nan, ko ku uku ne. Awa ɗaya, kuma a fara a kan lokaci, don jiran masu latti shi ke korar masu zuwa da wuri. Minti 10 waƙa, 10 karatu, 10 a faɗi bukatu, 25 addu'a, 5 godiya da albarka. Ku fara da Filibiyawa, littafin duka surori 4 ne kawai, aya 104, mako huɗu kun gama. Abu uku ke kashe taron addu'a. Mutum ɗaya ya riƙe addu'a minti ashirin har yara su yi barci, don haka kowa ya ɗauki bukata ɗaya ya taƙaita. Sai habaici a cikin addu'a, a rufe ido ana gaya wa maƙwabci magana. Wannan ka hana shi tun ranar farko, ko daga bakin wa ya fito. Sai kuma fitar da sirri: abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin, wanda ba ya so a ambaci sunansa a ce wani ɗan'uwa.

Ka sa Auta ta riƙe ƙaramin littafi, kowane shafi a raba biyu, roƙo da kwanan wata a hagu, amsa da kwanan wata a dama. Farkon kowane wata a karanta ɓangaren dama kafin a roƙi sabon abu. Mutanen da suka taru a gidan Maryamu uwar Yohanna Markus suna yi wa Bitrus addu'a, da Roda ta ce musu yana bakin ƙofa cewa suka yi ta haukace. Yana Ayyukan Manzanni sura 12. Haka muke, amsa ta zo mu kasa gane ta, sai a zauna ana cewa Allah ya yi shiru. Yaran ma in suna ganin shafin dama na cika, ba sai an kira su taron da tsawa ba.

Ka je da ƙafarka ka gayyaci Gwaggo, ka gaishe ta da kyau ka ce ina gaisuwa. Marasa lafiyan da ba sa iya zuwa a raba sunayensu, kowa ya ziyarci ɗaya kafin Lahadi.

Kashi 4 ɗin Mama na magani ne kawai, kada ta ba da su baikon godiya kamar wancan karon, in tana so ta yi zan turo daban. Kashi 3 kuma hannun dattawa, gaban Fasto, a rubuce. Ka ɗauki hoton shafin da suka sa hannu da takardar bankin Litinin ka turo mini. Zan kira ranar Alhamis da safe in na tashi aiki, ka sa wayar ta kasance kusa da Mama.

Ni ce,
Yayarka