Sanarwa ga ƴan uwa ɗalibai mazauna Cebu, ƙasar Philippines

Assalamu alaikum ƴan uwa, sannunmu da wannan jarrabawa ta guguwa.

Tun daren 16 ga Disamba, 2021, da guguwar Odette ta afka mana babu wuta, kuma duk wanda ya ga yadda turakun lantarki suka zube kan tituna ya san gyaran ba na yau ko gobe ba ne. Shi ya sa muka yanke shawarar haɗa kuɗi mu yi hayar janareta ɗaya a gidan shugaban ƙungiya, domin cajin waya da fitilu.

Kowa zai ba da peso 300, kuɗi a hannu, tunda sabis na yankewa kuma layin ATM ya fi ƙarfin mutum. A kai wa ma'aji bayan sallar Juma'a. Wanda kuɗinsa bai iso daga gida ba ya yi masa magana a keɓe, ba abin kunya ba ne. Za a riƙa kunnawa daga magariba zuwa ƙarfe 9.

Don Allah kada kowa ya kunna janareta ko gawayi a cikin ɗaki, hayaƙinsu yana kashe mutum cikin barci. Naman da ya kwana biyu a firji ba sanyi a zubar, kada a ce asara. Ruwan da ba a san tushensa ba a tafasa shi kafin a sha. A kuma kwana cikin gidan sauro saboda zazzaɓin dengi.

Wanda ya samu sabis ya sanar da iyayen maƙwabcinsa cewa yana lafiya, hankalinsu a tashe yake.

Allah ya kawo mana sauƙi. Na gode.

Sakataren ƙungiya