Wasiƙa zuwa Gombe: Maganar haƙoran Inna

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaisuwa daga nan Landan, da fatan kowa lafiya. Kin ce Inna ba ta iya shan ruwan randa sai ta dafe kumatu. Yawanci hakan na faruwa ne idan ɓawon haƙori ya siɗe ko dasashi ya ja baya, sai sanyi ya ratsa ƙananan hudoji har zuwa jijiya. Dirzar haƙori da gawayi, toka ko gishiri shi ke ƙara siɗe shi. Don Allah ta daina. Aswaki ba laifi, amma a hankali.

Ki saya mata makilin irin su Sensodyne, mai lambar NAFDAC, ki duba jikin kwalin ki ga fulorayid, wato sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, tsakanin 1350 da 1500 ppm (ppm ma’aunin yawansa ne). Burushi mai laushi, minti biyu, sau biyu a rana, na dare shi ne na ƙarshe kafin barci. Ga inda kowa ke kuskure: in ta gama ta tofar da kumfar kawai, kada ta kurkure baki da ruwa, don ruwan na wanke fulorayid ɗin tun bai ƙarfafa haƙorin ba. Kuma ba a ganin sauƙi dare ɗaya, sai an yi mako 2 zuwa 4 ba fashi. In ta sha kunun tsamiya, zoɓo ko lemo, ta jira kamar minti 30 kafin ta goge, saboda tsamin na tausasa ɓawon.

Yara kuwa, wanda bai kai shekara 3 ba a shafa masa makilin a burushi kwatankwacin ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kwatankwacin ƙwayar wake, ki tsaya a kansu kada su haɗiye. Wannan ya dame ni sosai saboda ’ya’yan Kawu da ke Kaltungo, inda ruwan rijiya ke da fulorayid da yawa har yana sa tabon fari ko ruwan ƙasa a haƙoran yara. A rage musu alawa da shayi mai zaƙi da dare. Sukari ne ke ciyar da ƙwayoyin cutar da ke huda kogo, ba tsutsa ba.

Amma in haƙorin na zogi haka kawai, yana hana ta barci, ko kumatu ya kumbura, makilin ba zai yi ba. Ki kai ta wajen likitan haƙori a Asibitin Koyarwa na Tarayya, zan turo kuɗin.

Ki gaida Inna da su Kawu.

Ƙanwarki