Zuwa ga Ɗana, Kafin Ka Tashi Landan

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Tura ka ofishin jakadancinmu na Landan ya faranta mana rai, Allah Ya sa albarka. Amma ba murna ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Labari ya iso ni cewa kawunka ya fara yi maka maganar ɗan saƙon da za ka riƙa cusa masa cikin kayan ofis, kuma wai ba ka ce a'a ba, murmushi ka yi. Tun da na ji barcina bai cika ba.

Ka san gidan da za ka shiga. Tun 1960, da Alhaji Abdulmaliki ya zama Babban Kwamishinanmu, wato jakadanmu, na farko a can, su kuma suka aiko Lord Head Legas, zumuncin nan yake tafiya yana tuntuɓe. A 1976, bayan kisan Murtala, an nemi Ingila ta janye Babban Kwamishinanta, Sir Martin Le Quesne, domin Dimka, jagoran yunƙurin juyin mulkin, ya shiga ofishinsa ranar da abin ya faru.

Wanda nake so ka riƙe shi ne na 5 ga Yuli, 1984. An sace Umaru Dikko a ƙofar gidansa a Landan, aka yi masa allurar barci, aka rufe shi cikin akwatin katako tare da likita, aka kai filin jirgin Stansted da sunan kayan diflomasiyya masu zuwa Legas. Me ya tona asirin? Alama da takarda. Sashe na 27 na Yarjejeniyar Vienna ta 1961 ya hana buɗe jakar diflomasiyya ko tsare ta, amma dole ta ɗauki alama bayyananniya a waje, mai rakiyarta kuma ya riƙe takardar da ta nuna matsayinsa da yawan ƙunshin. Akwatunan ba su cika wannan ba, 'yan kwastan suka buɗe. Gwamnatinmu ta musanta hannunta a ciki, duk da haka aka ɗaure mutum huɗu, aka kori jami'an ofishinmu biyu, mu ma muka kori nasu biyu, kujerun Manyan Kwamishinoni suka zauna wayam har 1986. A ƙasar da wannan ya faru za ka yi aiki, kuma ba su manta ba.

Jakar nan ta takardun gwamnati ce da kayan aikin hukuma kaɗai. Akwatin tufafinka ba jaka ba ne. Sashe na 36 ya yarda a bincike shi a gabanka idan akwai ƙwaƙƙwaran zargi. Rigar kariyar da kake taƙama da ita ta ƙasa ce, aro aka ba ka. Abuja na iya cire ta ta bar ka da kotunsu, ko ta gurfanar da kai a gida. Su kuma suna iya cewa ba sa bukatarka ba tare da faɗin dalili ba.

To da wane hankali ka yi murmushi? Kunya ce? Ranar da aka buɗe ƙunshin, sunanka za a karanta, kawunka yana gida yana shan fura. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Za a ce ina raba zumunci, kamar yadda aka ce lokacin maganar gonar nan. A ce. Na gwammace mahaifiyarka ta yi fushi da ni wata guda da ta ga an dawo da kai da rakiya.

Kada ka sa hannu a kan ƙunshin da ba a rufe a gabanka ba. Ka ƙirga, ka gwada da takarda. Saƙon dangi ya bi gidan waya.

Na san ba ka da mugun nufi, sauƙin hali ne irin na kakarka, shi ya sa nake tsoro. Idan bakinka ya yi nauyi, ka ce ni na hana, zan je in same shi da kaina. Ka zo ranar Juma'a mu yi sallama. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.