Ga 'yan uwa mazauna ƙetare: maganar kogi ta fi ƙarfin burtsatse

Assalamu alaikum. Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu da ke Saudiyya, Ingila, Amurka da sauran ƙasashe, mutanen gida na gaishe ku da iyali.

Kuɗin da kuka haɗa na gyaran rijiyar burtsatsen bakin kasuwa sun iso. An sauya famfo, an ƙara faifan sola, mata sun huta da sammakon ɗiban ruwa. Allah Ya saka da alheri. Sai dai a zaman da muka yi da dattawa, manoma da masunta, ba a daɗe kan burtsatse ba, kowa kogi yake ambata.

Waɗanda suka daɗe da barin gida za su tuna yadda kogin Haɗejiya yake a da: ya cika da damina, ya ja baya da rani, ya bar mana fadama mu shuka. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara na Challawa a 1992, wannan tsari ya sauya. Ruwa na gangarowa kusan kullum, rani da damina, shi ya sa doguwar ciyawar ruwan nan, kachala, ta samu wurin zama ta toshe hanyoyinsa. Sai ya kauce ya kwanta a gonakin Guri da Kiri Kasamma, alhali can wajen Gashuwa ƙarancinsa ake kuka. A cikin kachalar nan kuma tsuntsun jan-baki ke kwana, da safe ya faɗa wa shinkafa. Ambaliyar 2022 kuwa ba sai mun ba ku labari ba, ku kuka aiko da kuɗin tabarmi da hatsi.

Mun sha yin gayya mu yanke kachala, mu tayar da jinga. Idan ƙauyen gaba bai yi nasa ba, aikin banza ne. Mai shinkafa a Kura, mai shan ruwan Tamburawa a birnin Kano, mu nan, da masuncin Nguru, duk ruwa ɗaya muke rabo, amma kowace jiha da nata lissafin.

A 2006 jihohin Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato suka amince da kafa asusun haɗin gwiwa don kula da kogin Haɗejiya da sauran kogunan da yake haɗuwa da su. Ke nan tunanin ba sabo ba ne. A ganinmu abin da ya yi ƙaranci shi ne jama'ar da za ta tsaya ta ce a bi ƙa'ida ɗaya: yaushe za a saki ruwa, nawa, wa zai sanar da mu kafin ya iso, wa zai yashe kogi.

Nan ne muke buƙatarku. Maganarku tana da nauyi a gida, kun fi mu sani. Idan kun kira, ku tayar da zancen da hakimi, dagaci da ɗan majalisarku. Injiniyoyi da lauyoyin cikinku su taimaka mana da rubuta takardar buƙatu cikin Hausa mai sauƙi. Gudummawar bana kuma muna roƙon a ware wani kaso don sayen lokaci a rediyo da kuɗin motar wakilai, har da makiyaya da mata, zuwa ƙauyukan sama da na ƙasa.

Wanda bai gamsu ba ya faɗa wa sakatare kafin zama na gaba. Wassalam.