Ledar ruwa a kan Dutsen Dala

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in faɗi wani abu da ya tsaya min a rai tun hutun Sallar da ta wuce.

Na kwashi yarana da 'ya'yan ƙanwata muka hau Dala, su sha iska su ga gari daga sama. To gari kam mun gani, ga Goron Dutse can gefe ga rufin kwano iya ganinka, amma da ka sunkuyar da kai sai ledar fiya wata da ɓawon rake da robar lemo, wasu ma har sun rubuta sunayensu a jikin dutsen kamar gadon gidansu. Babban ɗana ya shanye ruwansa ya cillar da ledar, na ce kai meye haka? Sai ya ce min Baba ai kowa ma nan yake yarwa. Wallahi shiru na yi, don bai yi ƙarya ba.

Abin da ya ɗaure min kai, yaron nan dai shi ne bara muka je Daura da shi wajen rijiyar Kusugu, wani dattijo ya tsaya yana ba mu labarin Bayajidda da macijin nan Sarki da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da yadda aka kashe shi har Daurama ta auri baƙon, yaro ya saki baki yana ji, kuma da idona na ga ya cusa ledar biskit ɗinsa a aljihu har muka koma mota. Ba wanda ya ce masa kada ya yar. Ya ga wurin a share, ya ga akwai mai kula da shi a tsaye, kuma an gaya masa me ya sa wurin yake da daraja. A Dala kuwa ba wanda ya ce masa uffan game da Barbushe, jagoran mutanen Dala na dā, ko Tsumburbura da suke bauta wa, shi a ganinsa tudu ne kawai da ake hawa a ɗau hoto a sa a Facebook.

Shi ya sa ni ban yarda allon "kada a zubar da shara" yana wani aiki ba. Mutum yana kallon abin da ya tarar ne, in ya ga bola ya ƙara, in ya ga tsaf sai ya ji nauyi. Ku je marinar Kofar Mata da ake cewa tun 1498 take, baƙo ba ya iya tofa ko yawu kusa da ramin baba alhali ga marini zaune yana tsoma zane hannunsa shuɗi har gwiwa, kunya ce kawai. Tsoro ma yana aiki, a Yankari kowa ɓoye ledar abincinsa yake kusa da ruwan Wikki saboda birai za su fizge, amma wannan da ka bar wajen biran shi ke nan ka koma halinka.

Kuma kar mu ɗora wa baƙi laifin duka. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu mu 'yan gari ne muke yaƙuto ƙasarta muna juye shara a gindinta, to wanda ya zo daga Legas ko Yamai me zai koya a wajenmu?

Roƙona ga hukumomi da masu unguwanni, a samo matasan unguwar Dala ɗin nan da suke zaune ba aikin yi, a koya musu tarihin wurin su riƙa raka masu hawa suna samun na kashewa, a ajiye kwandon shara a ƙasa da sama a kuma riƙa kwashewa, ba a ajiye ranar ƙaddamarwa a ɗau hoto a manta ba. Masu sayar da ruwa a gindin dutsen su ma a ce kowa ya tanadi buhun tara leda, ai akwai masu saye. Ni dai Sallah mai zuwa da buhuna zan hau, kuma yaron nan shi zai riƙe.

Naku,
Wani mai karatu daga cikin birnin Kano