Marubutanmu na Legas, a ari ƙashin labari, a bar wa mai shi fatarsa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a wannan jarida mai farin jini, mu yi magana da ƙannenmu masu rubuta ƙagaggun labarai a nan Legas, musamman masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad.

Abin yana damun mu ƙwarai. Yarinya ce haifaffiyar Agege, ta tashi da Yarbanci a bakin ƙofa, mahaifinta yana sauke kwandunan tumatir a kasuwar Mile 12 tun asuba, amma in ta zo rubutu sai ka ga gidan bene a unguwar Maitama ta Abuja, da ɗan mai kuɗin da ya dawo karatu daga Ingila, da 'yar aikin da zai aura a ƙarshe. Abin da ta yi ta karantawa ke nan, shi kuwa hannu abin da ido ya saba gani yake zubawa.

Aro ba aibi ba ne, da shi ma aka kafa harsashin ƙagaggun labaran Hausa. Bayan gasar rubutun Hausa da Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, Abubakar Imam ya fito da Ruwan Bagaja a 1934, ya kuma ɗauko tsarinsa daga littafin Larabcin nan Maƙamatul Hariri: mutum biyu da ke ta haɗuwa gari bayan gari, ana ta dabara. Ya mayar da su Alhaji Imam da Malam Zurƙe, masu ramuwar gayya a kan juna. A Magana Jari Ce ma haka. A labarin Indiya na asali da ya aro tsarin daga gare shi, aku yana ba matar ubangijinsa labari kowane dare don kada ta fita wajen wani namiji. Imam ya riƙe dabarar tsare mutum da labari har gari ya waye, amma ya sauya dalilin: ɗan sarki ne, Musa, ake hana shi bin sahun yaƙi. Da dalili ya sauya, komai ya bi shi, har akun ya zama waziri.

Ga yadda ake wannan aiki. Littafin da ya burge ka, karanta shi sau biyu. Na farko don daɗi. Na biyu da biro da littafin rubutu, kowane babi layi uku kawai: me jarumi yake so, wa ya tare masa hanya, me ya canza kafin babin ya ƙare. Ƙirga shafi nawa aka ci kafin rikicin farko ya ɓullo. Duba inda marubucin ya yanke babi, a tsakiyar magana ne ko bayan an gama ta. Kada ka kwafi jimlarsa ko ɗaya cikin littafin nan naka. Sannan ka ajiye nasa, ka yi mako biyu ba ka buɗe ba, domin kunne yana riƙe amon jimla, in ka yi rubutu da zafi-zafi kalmominsa za su biyo ka ba ka sani ba.

Daga nan sai ka bi layukanka ɗaya bayan ɗaya kana tambaya, me zai tsaya a madadin wannan a Legas? In dukiyar uba ce ta raba masoya a can, a nan watakila mai gida ne ya ce sai hayar shekara cif, ko hana acaba da aka yi a wasu ƙananan hukumomi a 2022 ya raba saurayi da abin yinsa, ko motar kayan gwari ta lalace a hanya jari ya ruɓe, ko dangi a Arewa sun dage sai yarinya ta koma gida a yi auren. Kowane ɗaya yana jan nasa mutanen da nasa wuraren. Wanda ya canza sunaye kawai ya bar dalili yadda yake, sata ya yi, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana kare rubutun mutum har shekara 70 bayan rasuwarsa.

Akwai wata cuta kuma, ta karanta iri ɗaya. Alamarta su "ta sauke ajiyar zuciya" da "ya sakar mata murmushi" a kowane shafi. Nemo su a wayarka ka ƙirga, in sun wuce biyu a babi ka soke sauran. Bayan littafin soyayya uku, a sa tsohon littafi ɗaya ko na tarihi. Masu yawan karatun Turanci kuwa, ginin jimlarsu ta Hausa ke karkacewa. A karanta wa wata dattijuwa babin da murya, duk inda ta ce "me ka ce?" a nan gyara yake.

Roƙonmu gare ka, Edita, ka ware rabin shafi duk mako inda masani zai feɗe babi ɗaya na wani littafi ta wannan hanya, matasa su ga yadda ake yi. Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Daga wasu malaman Hausa da marubuta,
Agege, Legas.